Ɗan kokawa a kan tabarmar judo

Samarin da ake kawo mini in koya musu judo daga Agege da Mile 12 a Legas ba su da matsalar ƙarfi. Wanda ya wuni yana sauke buhunan albasa daga tirela, ko ya tashi yana kokawa a dandali bayan kaka a Sakkwato, ƙugunsa a kafe yake. Hannunsu ne ke ba ni aiki. Da alƙali ya ce hajime, wato a fara, sai yaro ya sunkuya ya rarumo ƙafa. A kokawarmu wannan gwaninta ce. A judo kuwa tun 2010 hukumar wasan ta duniya ta fara hana shi, yau in ka yi za ka sha shido, wato gargaɗin alƙali, ka tara uku an sallame ka ko da kai ne a gaba.

Ga kuma riga. Ɗan kokawa ya saba da jiki tsirara, bai san cewa rabin faɗan judo a kan kama wuyan riga da hannun riga ake yin sa ba. Wani siririn yaro daga Surulere zai riga shi kamu, ya hana shi sakat har minti huɗun su ƙare.

Shi ya sa makonnin farko faɗuwa kawai nake koyarwa, ukemi. Suna gunaguni. Wani ya taɓa ce mini, "Koci, kayarwa muka zo koya ko faɗuwa?" Na ce masa wanda ke tsoron ƙasa ba ya shiga jifa da zuciya ɗaya, kuma ba ni da kuɗin ɗorin kafaɗa.

Abin da ya fi cin raina shi ne murna da wuri. A dandali, da gwiwar abokin karawa ta taɓa ƙasa magana ta ƙare, makaɗa su ɗauka. Nan kuwa sai mutum ya faɗi da bayansa sosai ake ba da ippon, makin da ke gama wasa nan take. In saura kaɗan ya faɗi da bayansa, waza-ari ne, wato rabin ippon, dole ka bi shi ƙasa ka danne daƙiƙa 10 ka cike. Yarana sai su miƙe suna ɗaga hannu!

Batun nauyi kuma ba na wasa da shi. Mai kilo 70 ya tsaya a ajin 73. Ban yarda ya sa leda ya yi gudu a zafin Legas don ya sauko 66 ba, balle da azumi a bakinsa.