Yadda muka kafa esi mai akwati ɗaya a bayan wani zauren taro a karkarar Ringim

Irin wannan esi ba kamar wanda aka saba gani a gidaje ba ne, mai rabi a ɗaki rabi a waje. Shi komai nasa a akwati ɗaya yake: kwamfureso, wato injin da ke matsa gas ɗin sanyi yana zagayawa da shi, fanka biyu, da faifan nan biyu masu siraran haƙarƙarin alminiyam kamar lagireton mota, ɗaya na fitar da zafi waje, ɗaya na sanyaya iskar da za ta shiga ɗaki. A waje ake ajiye shi, bututun iska biyu ne kawai ke ratsa bango, ɗaya ya kai sanyi, ɗaya ya dawo da iskar ɗaki. Gas ɗinsa daga masana'anta ake ɗura shi a rufe, don haka babu waldar bututun tagulla, babu zuƙe iska daga cikin bututun gas. Wannan sauƙin shi ke ruɗar mutane su ɗauka ajiyewa kawai za a yi a jona wuta. A aikin da na gani, ba kasafai na'urar ke lalacewa don kanta ba. Inda aka ɗora ta, iskar da take shaƙa da wutar da ake ba ta su ke kashe ta.

Zauren da muka yi wa aikin mita 9 ne a faɗi, 11 a tsawo, rufin kwano da silin, yana ɗaukar mutum kamar arba'in. Mun tsaya a kan tan 5. Tan ɗaya na sanyi BTU 12,000 ne a awa, wato kusan kilowat 3.5, ke nan tan 5 kilowat 17.5. Mai zauren ya so a sayo mai tan 7.5, ya ce, "Malam, gara ya yi yawa da ya gaza." Na ce masa, "Alhaji, wanda ya yi wa ɗaki yawa sanyaya shi zai yi nan da nan ya mutu, ya sake tashi, ya sake mutuwa. Tashin nan shi ke cin kwamfureso, kuma da damina ba zai daɗe yana aiki ba balle ya zuƙe laima, sai ɗaki ya yi sanyi amma jiki na danƙo." Kuɗin da ya rage muka sa wajen shimfiɗa abin tare zafi a saman silin, wanda ya fi ƙarin tan amfani a ƙarƙashin kwano.

Kafin a biya kuɗi a karanta farantin da ke jikin akwatin. Wutarmu a Najeriya bolt 230 ce a layi ɗaya, 400 zuwa 415 a layi uku, a kan Hz 50, wato saurin kai-komon wutar a daƙiƙa. Da yawa daga na hannu da ake kawowa daga Amurka na Hz 60 ne, bolt 208 zuwa 230 ko 460. In an jona irinsu a nan injin yana juyawa a hankali, sanyi ya ragu, wani ma ya ƙone. Sai ajin yanayi: wanda aka rubuta wa T1 an gwada ƙarfinsa ne a zafin digiri 35, mai T3 kuwa a digiri 46. Wanda ya san Afrilu a Jigawa ya san T3 zai nema. A duba irin gas ɗin kuma. R22 ana kan janye shi a duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987, don haka samunsa zai riƙa wuya. Akwai kuma R410A da R32, shi R32 yana iya kama wuta in ya zuba ya taru, kada a yi walda ko a kunna ashana kusa da shi. Esin namu har ɗumama ɗaki yana yi, yana da bawul mai juya tafiyar gas ya mayar da zafi ciki. A gaskiya sai asubahin hunturu a Disamba da Janairu ake buƙatar wannan.

Wurin ajiyewa mun guji yamma saboda ranar la'asar. Gabas muka zaɓa, inda bangon zauren ke ba shi inuwa tun daga azahar, amma da sanin cewa hadarin damina daga gabas yake bugowa, don haka duk wata kafa da ke wannan gefen sai an toshe ta da kyau. Ba mu sa shi daidai inda ruwan kwano ke zuba ba, kuma mun nisanta shi da darbejiyar da ke gefe saboda ganye. Tsakaninsa da bango mun bar santimita 60, gefen da ƙofofin gyara suke mita ɗaya cif, samansa kuma babu komai har mita ɗaya da rabi, domin fankar waje sama take hura zafi. In an yi masa rumfa gajeriya, zafin da ya fitar shi zai dawo ya sake shaƙa. Waɗannan awo kowane kamfani da nasa a takardar da ke zuwa da na'urar, kuma nasu ake bi in sun fi waɗannan.

Daɓen da zai zauna a kai ya ci mana lokaci fiye da ɗora na'urar. Ƙasar wurin rairayi ce, kuma duk wanda ya ga ambaliyar 2022 a yankin Ringim da Haɗejiya ba zai ajiye kayan lantarki daidai da ƙasa ba. Mun haƙa santimita 30, muka zuba marmara muka daddaɓe, sannan muka zuba kankare mai kauri santimita 15 a kan tubalin bulo da aka cike, ya zama saman daɓen ya ɗaga santimita 40 daga ƙasa. Haɗin siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, da rodi mai milimita 10 a saƙe tazarar santimita 20. Daɓen ya fi akwatin faɗi da santimita 15 ta kowane gefe, kuma bai haɗu da harsashin ginin ba, don kada girgiza ta bi bango. An riƙa ba shi ruwa mako guda kafin a ɗora nauyi. A sa ma'aunin ruwa na magina ta tsawo da ta faɗi. In daɓen ya karkata, ruwan da ke taruwa a tiren ciki ba zai bi ta mafitarsa ba, sai ya kwanta a kusurwa ya ci ƙarfe.

Akwatin ya haura kilo 200. Babu motar ɗaga kaya a ƙauyen, sai muka jingina katako masu kauri daga bayan mota zuwa daɓen, muka gangaro da shi a kan bututun ƙarfe, igiya biyu na riƙe da shi ta baya. Ba a kwantar da shi a gefe, domin man kwamfureso zai malala cikin bututu. Kowa da safar hannu, haƙarƙarin alminiyam ɗin nan yanka yake kamar reza. A ƙarƙashinsa mun sa robar rage girgiza, muka ɗaure ƙafafun da kusoshin kankare, sannan muka buɗe muka cire katako da maɗaurin da masana'anta ke sawa don tafiya.

Lissafin iska shi ne kusan kyubik-kafa 400 (ma'aunin yawan iska) a minti ga kowane tan, tan 5 ke nan 2,000. Babban bututun kai sanyi mun yi shi santimita 50 da 40 da kwanon galbanayiz, ragar dawo da iska kuma ta fi shi girma kusan ninki biyu. Nan ne masu ƙera bututu ke tsuke hannu don rage kwano. In hanyar dawowa ta yi ƙanƙanta iska ba ta isa faifan ciki, sai ya yi ƙanƙara, ruwan gas ya koma wa kwamfureso. Tsakanin akwatin da bututun mun sa haɗin tamfol mai laushi don ƙara kada ta shiga zaure. Duk gaɓa an shafe ta da gam ɗin toshe bututu. Sashen da ke waje an naɗe shi da abin tare zafi mai kauri santimita 5, aka lulluɓe da alminiyam, saman ya ɗan gangara don ruwa kada ya kwanta. Inda muka fasa bango an zuba linta a sama, aka cike gefe, aka sa raga saboda ɓera. A cikin zauren mafitar sanyi tana sama ta tsakiya, ragar dawowa tana can nesa da ita, in ba haka ba sanyin zai fito ya koma bai ratsa mutane ba.

Bututun ruwa ƙarami ne, inci uku bisa huɗu, amma shi ya fi jawo kira. Fankar ciki zuƙo iska take ta cikin faifan, don haka tiren ruwa yana gefen da ake zuƙa. In ka sa bututu miƙaƙƙe, iska ce za ta riƙa shigowa ta cikinsa ta hana ruwa fita, tire ya cika ya malala cikin bututun iska. Maganin shi ne lanƙwasa mai riƙe ruwa: daga bakin tire a sauko santimita 10, a sake hawa santimita 5, sannan a gangara santimita 2 a kowace mita. Kafin a kunna a zuba ruwa a cika lanƙwasar. A nan ƙasar akwai ƙarin abu: daga hunturu zuwa bazara iska a bushe take, esi ba ya fitar da ruwan kirki, lanƙwasar ta bushe, zanzaro ya shiga ya yi gini. Ruwan farko na damina sai a ga daɓe ya jiƙe. Shi ya sa muka sa mata murfin da ake buɗewa, bakin kuma muka kai shi ramin tsakuwa mita biyu daga gini, don sauro da kuma harsashi.

Wuta ita ce inda ba a wasa, kuma ƙwararren mai wayarin ne kawai zai taɓa ta. Farantin namu ya nuna yana jan amfa 12 a layi uku. Nisan daga allon rabon wuta ya kai mita 35, sai muka ja waya mai milimita 6 cikin bututu a binne, ko da yake mai 4 za ta ɗauka a gajeren nisa, domin doguwar waya siririya tana zubar da ƙarfin wuta. Bireka tasa ce shi kaɗai, girmanta yadda farantin ya faɗa, ba wadda aka samu a shago ba. Kusa da na'urar, inda mai gyara zai gan shi da idonsa, mun sa makashin wuta mai jure ruwa wanda ake sa wa kwado. Ba a buɗe ƙofar lantarki sai an kashe shi, an kulle, an gwada da mita an ga babu wuta. Ko bayan haka kafasito, ɗan gwangwanin da ke ajiye wuta a cikin na'urar, yana riƙe caji, sai an sauke shi.

Wayar ƙasa, wadda ke kai wutar da ta kuɓuce cikin ƙasa don kada ta ja mutum, a rairayi aiki ce ta musamman. Busasshen yashi ba ya karɓar wuta sosai, sanda ɗaya gajeriya ba ta wadatarwa. Mun kafa sandunan tagulla biyu masu tsawon mita 1.8, tazararsu ta fi tsawonsu, muka haɗa su, aka auna da na'urar awo. A yi awon da rani, lokacin da ƙasa ta fi bushewa.

Sai na'urar tsaron layi, wadda ba zan kafa mai layi uku ba tare da ita ba. Tana yanke wuta in layi ɗaya ya ɗauke, in ƙarfin ya yi sama ko ƙasa da kashi 10 cikin ɗari, ko in layukan sun saɓa wa juna. Ga yadda ake duba saɓanin: ka auna ka samu 405, 398 da 385, matsakaicinsu 396, mafi nisa daga shi 11 ne, ka raba 11 da 396, ya ba ka kashi 2.8. Abin da ya wuce kashi 2 yana dafa wayar cikin kwamfureso a hankali. Mun ƙara abin kare tsawa a allon wuta. Janareto kuma kada a auna shi da kilowat 6 da na'urar ke ci tana tafiya, domin a tashi kwamfureso na fizgar ninki biyar zuwa shida na abin da ya saba ja. Mai kVA 20 muka sa, kuma shi ma ta na'urar tsaron yake bi.

Makunnin bango mai auna zafi da bolt 24 yake aiki. Wuraren jona wayoyinsa haruffa gare su: R wuta, C dawowa, Y kwamfureso, G fanka, O ko B bawul ɗin juyawa, kuma kamfanoni sun bambanta a kan wannan na ƙarshe, in an saita shi ba daidai ba ka nemi sanyi ya ba ka zafi. Mun kafa shi a bangon ciki, mita ɗaya da rabi daga ƙasa, nesa da taga da mafitar sanyi, muka saita jinkirin minti biyar tsakanin mutuwa da sake tashi.

Ranar kunnawa ba ita ce ranar jona wuta ba. Akwai ɗan hita a gindin kwamfureso da ke korar gas daga cikin mai, sai an bar shi da wuta awa 12 zuwa 24 tukuna. Da muka tashe shi na tsaya da mitar amfa a waya da ma'aunin gas a jiki. Kwamfureso mai layi uku irin wanda ake kira sukurol yana iya juyawa baibai in jerin layukan ya saɓa: za ka ji ƙara mai kaushi, amfa ta yi ƙasa, allurai biyun ma'aunin gas su tsaya kusa da juna ba su rabu ba. In ka ga haka kashe nan take, ka musanya layi biyu a makashin wuta, ba a cikin na'urar ba. A gwada wannan a wutar gari, a sake gwadawa a janareto, don sau da yawa jerinsu ba ɗaya ba ne. Bayan minti 15 iskar da ke fita ta kamata ta fi mai dawowa sanyi da digiri 8 zuwa 11. In bambancin ya haura haka sosai, iska ce ta yi kaɗan, a duba matatar iska da bututu kafin a taɓa gas.

Daga ƙarshe mun zagaye shi da ragar waya mita ɗaya daga jikinsa saboda awaki da yara, ba katangar bulo ba, wadda za ta toshe iska. Duk ramin da waya ta shiga mun cike shi, don ƙadangare ɗaya a kan kwantakta, makunnin da ke kai wa kwamfureso wuta, ya isa ya haɗa layi biyu. Mai gadin zauren na nuna wa matatar iska, na ce, "Baba, da hunturu duk mako biyu za a zaro wannan a wanke, ta bushe sarai kafin a mayar, lokacin casa da sussuka kuma duk mako." Faifan waje a kashe wuta a wanke shi da ruwan tiyo marar ƙarfi daga ciki zuwa waje, a ƙarshen hunturu kafin zafi ya shigo, sannan a zuba ruwa a lanƙwasar bututu a farkon Mayu a ga yana fita ta ɗaya bakin.