Hannu Ne Ke Fara Ba Da Shaida

Mu huɗu ne a wurin aikinmu: ni, da yara biyu masu koyon gyara, da wani matashi da ke kula da ɗakin wasa. Muna gyara na'urorin gem da hannayensu, wato abin da ake riƙewa a danna a sarrafa wasa, muna saye da sayar da faifai, sababbi da waɗanda aka yi amfani da su, sannan muna da allo shida da mutane ke zama su buga. Ɗakin wasan nan shi ne mafi ƙarancin riba, shi ne kuma mafi yawan hayaniya, amma na ƙi rufe shi, don a nan nake ganin yadda mutum ke zama a gaban wasa da yadda yake tashi.

Tambayar da ba ta taɓa wuce ni a rana ita ce, “Oga, wanne ya fi kyau?” Da can nakan miƙa wanda ya fi tashe, a biya ni, a tafi. Sai na lura da yawa suna dawowa bayan mako biyu ana neman musanya. Tun daga nan na ɗora wa kaina doka: duk wasan da ya shigo, ba ya hawa kanta sai na zauna da shi bayan an tashi.

Abin da nake fara dubawa ba a nuna shi a talla. Nakan kai ɗan wasan da ke cikin allo wani fili da babu abokin gaba, in sa shi tafiya, in juya shi, in yi tsalle, in saki maɓalli in ga ko zai tsaya inda na ce. Minti biyar sun isa. Idan akwai ɗan jinkiri tsakanin yatsa da allo, ko mutum bai san sunan matsalar ba hannunsa zai sani, sai ka ji ya ce gem ɗin yana da nauyi. Wasan da ke nuna hoto 60 a daƙiƙa ɗaya yana amsa wa yatsa da wuri fiye da mai nuna 30, shi ya sa masu wasan faɗa da na tsere ke yarda a rage kyan hoto in dai za su samu 60 ɗin. Wani lokacin ma laifin na talabijin ne, tana tsayawa ta yi wa hoto kwalliya kafin ta nuna shi. Yawancin na zamani suna da saitin wasa, da an kunna shi sai nauyin ya tafi. Na'urori nawa aka kawo mini gyara lafiyarsu ƙalau, na mayar ban ko ɗauki sukundireba ba!

Super Mario Bros. na Nintendo ya fito a 1985, har yau idan na ba yaron da bai taɓa ganinsa ba, ba ya neman bayani. Ka taɓa maɓalli kaɗan, tsallen ya yi gajere. Ka danne, ya yi sama. Ka taho da gudu, ya yi nisa. Tetris kuwa, wanda Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko a 1984, siffofi bakwai ne kacal ke faɗowa, ba labari ba jarumi, amma na ga magidanci ya manta abin da ya kawo shi yana jera su. Minecraft, da ya fito a 2011, duk ginin tubala ne masu kusurwa huɗu, wanda bai san shi ba zai ɗauka hoton ne bai gama buɗewa ba. An sayar da fiye da kwafi miliyan 300. Akwai wasu 'yan'uwa biyu da ke zuwa mana, wa da ƙani, ba sa iya minti goma ba su yi faɗa ba, sai a cikinsa: ɗaya na haƙo dutse, ɗaya na gini, har shawara suke yi kan inda ƙofa za ta kasance.

Kyan hoto kuwa sau da yawa kyan ɗan maciji ne. Cyberpunk 2077 ya fito a Disambar 2020 bayan shekaru ana zuzuta shi, sai ga shi yana sarƙewa a kan PlayStation 4 har Sony ta cire shi daga kantinta na intanet, ta mayar wa mutane kuɗinsu, bai koma ba sai Yunin 2021. Daga baya an gyara shi ya zama wasa na kirki, wannan gaskiya ce. Amma ba sabon ciwo ba ne. A 1982 Atari ta sa an haɗa wasan E.T. cikin mako biyar don ya riski kasuwar ƙarshen shekara. A 1983, shekarar da kasuwar gem ta Amurka ta durƙushe, an binne tarin kaset ɗin kamfanin a jujin Alamogordo, aka tono wasu a 2014. A wancan zamanin idan kaset ya fita da aibu, ya fita ke nan, dole kamfani ya ji tsoro. Yanzu intanet ta ba su mafaka: a sayar yau, a gyara gobe. Kana sa sabon faifai, na'ura za ta ce sai ka sauke gyara mai gigabait goma-goma kafin ka taɓa komai. Saboda haka ba na ba kowa shawarar biyan kuɗin wasan da bai fito ba. Ina ce musu su bari mako biyu su wuce, gani ya kori ji.

Inda nake ganin gem ya fi kowace irin nishaɗi ƙarfi shi ne yadda yake barin mutum ya faɗi ya tashi ba tare da ya yi asarar komai ba sai lokaci. Akwai wani yaro mai shiru-shiru da ya maƙale a wajen wani dodo cikin Elden Ring, wasan FromSoftware na 2022. Mako uku yana zuwa, dodon na kashe shi. Da farko da ƙarfi yake shiga, yana danna duk abin da yatsa ya samu. Sai ya fara tsayawa yana kallo: idan dodon ya ɗaga hannu haka, sara uku ke biyowa, bayan na ukun akwai 'yar kafa. Ranar da ya kayar da shi, 'yan ƙwallo ma sun ajiye hannayensu sun zo sun tsaya a bayansa. Irin wannan wuyar nake kira mai adalci, don duk sanda ka mutu ka san kuskurenka. Akwai kuma wuya ta zalunci, inda ake ƙara wa abokin gaba jini kawai don wasan ya yi tsawo, ko kyamara ta juya maka baya a tsakiyar faɗa.

Duk da haka ina da ja da masu cewa wasa mai wuya kada a sa masa hanyar sauƙi. Ina da wani dattijo abokin ciniki da hannunsa ke rawa. Yana gane dabarar sarai, yatsun ne ba sa bin umarni. Me ya rage wa gwani idan shi ma dattijon ya ga ƙarshen labarin? Microsoft ta fitar da wani hannu na musamman a 2018 saboda masu naƙasa, mai manyan maɓallai da wuraren jona wasu. Abin da ya rage shi ne su wasannin kansu su buɗe ƙofa.

Ƙwallo ce ke riƙe da ɗakinmu, ba na musu. Musun PES da FIFA ya cinye mana shekaru, ga shi sunayen ma duk sun tafi: Konami ta mayar da nata eFootball a 2021, EA kuma ta rabu da sunan FIFA ta koma EA Sports FC a 2023. Daɗinta shi ne mutum biyu a benci ɗaya, minti goma, a ci wani, a yi masa tsiya, a tashi. Aibunta kowa ya sani: duk shekara sabon faifai, sau da yawa riga kawai aka sauya wa 'yan wasa. Babban aibun kuma yana cikin fakitin kati. Tun 2009 EA ta shigo da Ultimate Team a cikin FIFA, inda kake biya ka buɗe fakiti ba ka san ɗan wasan da ke ciki ba. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyom ta ce irin waɗannan akwatunan sa'a da ake saya da kuɗi caca ne, a farkon 2019 EA ta daina sayar da makin buɗe su a ƙasar. Ni ra'ayina ɗaya da Beljiyom. Ka ba da kuɗi, haske ya walƙa, kiɗa ya tashi, zuciyarka ta buga, sannan ka ga abin da ka samu. Wane suna za a ba wannan?

Wasannin waya da ake cewa kyauta ne sun fi ƙwarewa a nan. Wani uba ya taɓa zuwa mini da wayar ɗansa, ransa a ɓace, yana zaton an yi musu kutse ne. Ba zan kama sunan wasan ba. Na buɗe masa tarihin saye, muka bi ɗaya bayan ɗaya. Yaron bai ma san adadin abin da ya kashe ba, kuma ban ga laifinsa sosai ba, don an tsara abin ne yadda ba zai sani ba. Ana mayar da kuɗinka lu'ulu'u ko zinaren wasa, sai lissafi ya ɓace maka. Ba a sayar maka da daidai abin da kake buƙata, kullum da 'yar ragowa da za ta ja ka ka ƙara. Ana ba ka tukuici idan ka shiga kowace rana, ranar da ka tsallake a mayar da kai farko. Na ce masa, “Baba, a cire katin banki daga wayar, a sa lambar sirri kan saye. Duka ba zai dawo da kuɗin ba.”

Teburin gyara ma yana da nasa sharhin, kuma ba ya son kai. Hannun da aka kawo, kafin mai shi ya yi magana nakan gane abin da yake bugawa. Na ɗan ƙwallo sandar hagu, wadda ake karkatawa da babban yatsa don tafiyar da ɗan wasa, ce ke fara gajiya, da maɓallin gudu. Na mai wasan harbi kunamar dama ce ke saki. Na mai wasan faɗa robar ƙarƙashin maɓallai ce ke yagewa. Ciwon da ya fi kawo mana aiki shi ne ɗan wasa ya riƙa tafiya da kansa ba a taɓa sanda ba. A ƙarƙashin sandar akwai wani ɗan ƙarfe da ke goga wata siririyar hanya ta gawayi don auna inda ka karkata; yau da gobe hanyar ta cinye, ƙura ta shiga, awon ya rikice. Tsaftacewa kan sayi 'yan makonni, maganin gaskiya shi ne a narka dalma a cire a sa sabuwa. Yanzu akwai masu aiki da maganaɗisu, babu gogayya a cikinsu, su nake sa wa duk wanda ya yarda, ko da yake hakan na nufin zai daɗe bai dawo mini ba.

Sai kuma hannayen da aka buga da ƙasa. Waɗannan ina ware su gefe. Kusan duk sanda na tambaya, wasan gasa ne na intanet, inda ake ɗaga ka a matsayi yau a sauke ka gobe, baƙon da ba ka gani yana zaginka a kunne. Ban taɓa karɓar hannun da aka fasa a kan Tetris ba. Mutum ya tashi daga wasa yana dariya ko yana ba da labarin yadda ya sha da ƙyar, wannan wasan zan yaba wa kowa. Wanda ya tashi ido jajur, bai ji daɗi ba, bai kuma iya bari ba, na san an kama shi ne.

Iyaye mata sun fi yi mini tambaya kan wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar gem cikin kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, amma sharuɗɗan da ta gindaya ba yawan awanni ba ne: mutum ya kasa sarrafa kansa, ya fifita wasa kan sauran lamuran rayuwa, ya ci gaba duk da yana ganin ɓarna, kuma a galibi abin ya kai wata 12. Sin ta bi ta hanyar doka a 2021, ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa awa ɗaya a ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da na hutu. Ni ba gwamnati ba ne, abin da ke hannuna shi ne lambar da ke jikin kwali. Tsarin PEGI na Turai yana rubuta 3, 7, 12, 16 ko 18. Wata uwa ta zo da ɗanta ɗan shekara goma yana nuna Grand Theft Auto V, ta ce ai na tuƙin mota ne. Na juya mata kwalin na nuna mata 18, na ce, “Hajiya, akwai mota a ciki, amma akwai abin da ba za ki so ki gani tare da shi ba.” Yaron ya harare ni har suka fita da wasan tsere. Wasan kansa gwaninta ne, ban taɓa musun haka ba. Kawai dai ba na yara ba ne.

Abin da ke ci mini rai a 'yan shekarun nan shi ne faifan da ke mutuwa a cikin kwalinsa. The Crew na Ubisoft ya fito a 2014, ba ya tashi sai ya gaisa da kwamfutocin kamfani ta intanet. A ƙarshen Maris na 2024 aka kashe su, duk wanda ya saya ya zama yana riƙe da roba. Yanzu kafin in karɓi tsohon faifai sai na bincika ko yana tashi shi kaɗai.

A makon jiya wani ya kawo PlayStation 2, na'urar da ta fara fita tun 2000, a naɗe cikin tsohuwar riga. Ba ta karanta faifai. Yaron wurina ya buɗe ta, ya kaɗe ƙura, muka sauya idon da ke karatu, muka jona. Memorinsa mai megabait 8 na maƙale a gaba, ajiyarsa na nan yadda ya bar ta, har da sunan da ya sa wa ƙungiyarsa yana ɗan makaranta. Ya tsaya yana kallon allon bai ce komai ba. Can sai ya tambaya ko ina da hannu na biyu mai aiki, wai 'yarsa ta isa ta riƙe. Na sa yaron ya duba akwatin ƙasa, aka samo ɗaya baƙi, wayarsa da ɗaurin salatif a wuri biyu.