Ƙarar da hedifon yake kashewa da wadda ba ya iya kashewa

Na daɗe ina ganin matafiya a filin jirgin sama da manyan hedifon a kunnuwansu, ina ɗauka ado ne kawai ko kuma hanyar nuna cewa aljihu yana da nauyi. Ban sauya ra'ayi ba sai da wani abokin aikina ya ara mini nasa a daren da zan tashi daga Kano zuwa Jidda domin yin Umara. Bayan jirgi ya daidaita a sama na ɗora shi a kaina, na danna maɓallin da ke gefe, sai rugugin injin da ya cika jirgin ya ja da baya kamar an rufe ƙofa mai kauri tsakanina da shi. Ban san cewa wannan ƙarar tana gajiyar da ni ba sai da ta tafi, domin a tafiye-tafiyen baya nakan sauka da ciwon kai in ɗora laifin a kan rashin barci. Da na dawo gida na tara kuɗi na sayi nawa.

Yadda na'urar take aiki ba shi da wuyar fahimta. Sauti motsin iska ne da ke turowa yana janyewa a kan dodon kunne. A jikin hedifon akwai ƙananan makirufo da ke sauraron ƙarar waje, sai wata 'yar kwamfuta da ke ciki ta ƙirƙiri kishiyar wannan ƙarar a nan take, wato inda ta waje ta turo ita sai ta janye, inda ta janye ita sai ta turo. Idan suka haɗu sai su cinye juna kafin su kai cikin kunne, kamar mutum biyu masu ƙarfi ɗaya da suke tura ƙofa daga ɓangarori biyu, ƙofar ba za ta motsa ba. Tunanin ba sabo ba ne, domin wani Bajamushe mai suna Paul Lueg ya samu rajistar mallakar wannan dabara a Amurka tun 1936, sai dai kayan lantarkin zamaninsa ba su da saurin da za su aiwatar da ita. A 1978 ne Amar Bose, malami a jami'ar MIT da ke Amurka, ya ji haushin yadda ƙarar jirgi ta hana shi jin abin da yake saurare a hanyarsa ta komawa Boston daga Turai, ya fara lissafin yadda za a magance ta tun kafin jirgin ya sauka. A 1986 matuƙa biyu da suka zagaya duniya cikin kwana tara a jirgin Voyager ba tare da sauka ko ƙara mai ba sun yi amfani da samfurin gwaji na kamfanin da Bose ya kafa, kuma a 2000 kamfanin ya fitar da irin na fasinjoji zuwa kasuwa.

Daga wannan bayani ne mutum zai gane iyakar na'urar, abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba. Tana cin nasara ne a kan ƙara mai kauri wadda ba ta sauyawa, irin ta injin jirgi, da na'urar sanyaya ɗaki, da gurnanin babbar mota a kan doguwar hanya. Muryar mutum kuwa tana hawa tana sauka, tana tsayawa tana ci gaba, saboda haka ba a iya shafe ta gaba ɗaya, sai dai soson da ya rufe kunne ya rage mata ƙarfi. A wannan tafiya ta Jidda akwai jariri a layin bayana, kuma da rugugin injin ya kau sai kukansa ya fito fes fiye da da. Haka abin yake a tashar mota, inda 'yan kamasho ke kiran fasinja, masu talla na kiran kayansu, direbobi na danna oda. Wanda ya sayi hedifon da fatan zai mayar masa da tasha kamar ɗakin karatu, ya yi asarar kuɗinsa.

Inda na fi cin moriyarsa ba a sama ba ne, a gida ne. Duk wanda yake zaune a unguwar da ake yawan ɗauke wuta ya san yadda dare yake idan maƙwabta uku ko huɗu suka tayar da janareta a lokaci guda. Wannan ita ce ainihin irin ƙarar da aka ƙera na'urar dominta, kuma sau da yawa nakan kunna ta ba tare da ina sauraron komai ba, in zauna in yi rubutu ko karatu na awa biyu. A jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna ma, daga Idu har Rigasa, tana rage gurnanin ƙafafun jirgi sosai, ko da yake hirar siyasa da ake yi a tarago tana shigowa.

Akwai kuma batun lafiyar kunne, wanda a wurina ya fi jin daɗi muhimmanci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraron sauti mai ƙarfin desibel 80 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) har awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, amma idan ya kai desibel 90 sai lokacin ya ragu zuwa awa 4 kacal. Ta kuma yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin rasa ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi. Da ƙaramin iyafis ɗina na da, nakan ƙure murya a cikin mota don in rinjayi ƙarar inji, kuma wannan ne yake lalata kunne a hankali ba tare da mutum ya lura ba. Yanzu da ƙarar waje ta ragu, rabin murya ya ishe ni in ji karatun Alƙur'ani ko labarai sarai.

Matsalar da ban yi tsammani ba ta zamantakewa ce. Wata rana a jirgin ƙasa wani dattijo ya zauna kusa da ni ya yi sallama, ni kuwa idona a rufe, kunnena na kan wani shiri da nake saurare. Ashe sau biyu ya maimaita, sai da ya taɓa kafaɗata na zabura na cire hedifon. Na ce, "Baba, a gafarce ni, wallahi ban ji ba." Ya yi murmushi ya ce, "Ba komai ɗana, na ga ka toshe kunnuwa ne." Bai yi fushi ba, amma kunyar da na ji ta daɗe tare da ni, domin a tarbiyyarmu rashin amsa sallamar babba ba ƙaramin abu ba ne, kuma shi ba ruwansa da wata fasaha. Tun daga ranar ba na ɗora shi sai na gaisa da na kusa da ni mun tambayi juna hanya. Haka nan mai zuwa Umara ta Jidda ya kamata ya cire shi tun da sauran tafiya, saboda ana sanar da kusantar miƙati a cikin jirgi, kuma wanda barci ya ɗauke da kunne a toshe zai iya wucewa bai yi niyya ba. A bakin titi kuwa, inda adaidaita sahu da babura suke fitowa ta kowace kusurwa, ba na sa shi ko kaɗan, duk da cewa yawancin sababbin suna da maɓallin da ke shigo da sautin waje.

Wasu ƙananan abubuwa sai da amfani na gane su. A kwanakin farko na riƙa jin kamar an danne mini kunne, daga baya na saba, amma na san wanda bai taɓa sabawa ba har ya sayar da nasa, don haka yana da kyau mutum ya gwada kafin ya biya. Ba ya hana toshewar kunne lokacin saukar jirgi, wannan sai haɗiyar yawu ko taunar cingam. A zafin watan Afrilu soson yana tara gumi, fatarsa kuma tana soma ɓarewa idan ba a goge ta, shi ya sa a bazara na fi ɗaukar ƙananan da ake cusawa cikin kunne duk da ba su kai manyan ƙarfi ba. A kasuwar waya akwai jabu da yawa masu ɗauke da tambarin manyan kamfanoni, kuma hanyar gane su ita ce ka tsaya kusa da janaretan shagon, ka kunna maɓallin kashe ƙara ba tare da kiɗa ba, ka saurara ko gurnanin ya ragu. Nakan kuma cika batirin tun daren tafiya, in saka wayarsa ta jona sauti a jaka, domin talabijin ɗin da ke bayan kujera a yawancin jirage har yanzu da waya ake haɗa shi.