Yadda aka sayar da firizata ina tsaye a kanta

Duk gargaɗin da ake yi wa masu saye da sayarwa ta intanet na san shi, kuma ina kiyayewa. Kada ka tura kuɗi ba ka ga kaya ba. Kada ka saki kaya don alat ya shigo, sai ka buɗe asusunka ka ga kuɗi sun zauna. Tun zamanin OLX, shafin tallar kaya na intanet, kafin shafin Jiji ya karɓe harkarsa a 2019, nake sayar da 'yan komatsaina ta wannan hanya: waya, keken ɗinkin uwargida, tsohon janareta, har babur. Ko sisi ban taɓa asara ba. Abin da ba wanda ya taɓa gaya mini shi ne ana iya sayar wa wani kayanka kana tsaye a kansu, kai ka buɗe masa ƙofa, kai ka ba shi ruwa ya sha, kuɗin kuma su faɗa aljihun wanda daga kai har shi ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa.

Firiza ce babba, mai buɗewa ta sama. Uwargida ta daɗe tana sana'ar ƙanƙara da ita, da muka haɗa sola muka sayi ƙarama sai ta zama abin tare zaure. Da gangan na jira azumi ya matso. Duk ɗan Sakkwato ya san in azumi ya faɗo cikin bazara, zafi ya haura maki 40, mai firiza mai kyau ba ya neman mai saye, nemansa ake yi. Na ɗauki hotuna, na rubuta naira 260,000, na rubuta unguwarmu Mabera, na sa talla a intanet.

Cikin waɗanda suka kira akwai wani mai sanyin murya, Sakkwatancinsa ba gyara. Ya ce shi ɗan gari ne, aiki ya kai shi Abuja, yana son ya saya wa ƙanensa da ke zaman banza a gida ko ya samu abin yi kafin azumi. Ya taya 230,000, na ce albarka, muka tsaya a 250,000. Ya nemi in yi masa bidiyo: ciki, baya, takardar da ke manne a jiki, har ƙarar kwamfireso yana aiki. Na yi. Ya ce tunda ciniki ya faɗa, in taimaka in sauke tallar kada wani ya riga shi. Na sauke. Daga ƙarshe ya ƙara sassauta murya:

“Alhaji, ranka shi daɗe, alhwarma guda nika nema. In yaron yaz zo dubawa, kak ka yi mai maganar kuɗɗi. In yaj ji tsadar, cewa zai yi in ba shi kuɗɗin ga hannu, ka kau san yaran yanzu.”

Wallahi har addu'a na yi masa. Na ce Allah ya ba mu 'yan'uwa irinka.

Wannan alfarma ita ce damfarar gaba ɗaya. Sauran duk ado ne. A lokacin da nake yi masa addu'a, ashe bidiyona da hotunana suna wani zauren saye da sayarwa na intanet da sunansa da lambarsa, an sa wa firizata 170,000. Wani saurayi daga Runjin Sambo, mai sayar da ruwan leda da lemo a bakin titi, ya gani ya kira. Shi kuma ga abin da aka shirya masa: firiza ta mai muryar ce, an yi masa canjin wurin aiki ya bar ta gidan yayansa a Mabera, yayan ya so ya saye ta bashi aka hana shi, don haka yana jin haushi. “Tai ka duba kayanka kawai, kak ka tada mai zancen kuɗɗi.”

Yaron ya zo da mai gyaran firij, kuma sai na yaba da hankalinsa. Sun jona ta sun jira har sanyi ya kama bango. Mai gyaran ya duba bayan kwamfireso ko an taɓa yanka bututu an yi walda, ya shafa ko akwai maiƙon da ke nuna gas na zuba, ya saka takarda a bakin murfi ya rufe ya ja don ya ga ko robar na kamawa. Ya ma ja masa kunne cewa in an kai ta gida a bar ta ta huta wasu awanni kafin a jona. Mun fi awa ɗaya tare a zaure. Mun yi zancen zafi, mun yi zancen tsadar sukari, mun yi zancen wutar unguwarsu da tamu. Na tambaye shi, Alhajin Abuja ya turo ka? Ya ce i, Baba. Na ce Allah ya saka wa yayanka da alheri, ya ce amin, yana zaton girmamawa ce irin tamu. Kowannenmu yana kaffa-kaffa da ɗan'uwansa, kowa yana ganin sirri yake rufawa. Da ɗayanmu ya yi rashin ta-ido na daƙiƙa guda ya ce “nawa?”, da magana ta ƙare a nan.

Ya fita ya yi waya. Can sai ga shi da a-kori-kura da majiya ƙarfi biyu. Ni kuma a daidai lokacin mai muryar ya turo mini hoton rasit na 250,000, ya ce matsalar sabis ce, kuɗi na hanya, in bari su ɗora kafin magariba. Na buɗe asusuna, ba komai. Na ce wa yaron ya dakata sai kuɗi sun shigo.

“Waɗanne kuɗɗi, Baba? Ai na biya.”

Ya miƙo mini waya. Naira 170,000, zuwa wani suna da ban taɓa ji ba. Na kira lambar Abuja, a kashe. Ya kira tasa, wata lamba ce daban, ita ma a kashe.

Abin da ya biyo baya ba na son tunawa. Yaron ya rungume firiza yana rantsuwa ba ya barin gidan sai da ita. A ganinsa, kuma ban ga laifinsa ba, ni da mai muryar bakinmu ɗaya: a gidana ya ga kaya, ni na amsa cewa na san Alhajin Abuja, ni na yi shiru kan farashi. Kafin a kira salla ƙofar gidana ta cika. Mutanen da muka yi shekaru muna sahu ɗaya a masallaci suna tsaye suna jin ana kirana ɗan damfara. Kuɗin nan, daga baya na ji, adashin mahaifiyarsa ne da kuɗin ragon da ya sayar.

Mai unguwa ya saurare mu ya ce wannan ta fi ƙarfinsa. Muka dangana da ofishin 'yan sanda, firiza ma aka ɗora ta a motar da yaron ya ɗauko, ta zama kayan shaida.

A can na gane dalilin da ya sa aka ce in sauke tallata. Da jami'in ya ce in nuna inda na sa 260,000, babu. Tallar ɓarawon kuwa ga hotonta a wayar yaron, da zaurena, da tabarmata, har da takalmin ɗana a gefe. Abu biyu suka cece ni. Na farko, uwargida ba ta yar da takarda: ta fito da rasit ɗin shagon da muka sayi firizar, lambar da ke jiki ta yi daidai da wadda ke bayan firiza. Na biyu, saƙonnin murya na WhatsApp. Jami'in ya ajiye wayata da ta yaron a kan tebur, ya kunna wannan ya kunna waccan. Murya ɗaya, ladabi ɗaya, a nan yana cewa kada a gaya wa ƙanensa, a can yana cewa kada a tayar wa yayansa. Yaron ya zauna a ƙasa ya dafe kai.

Batun dawo da kuɗi, abin da na koya ke nan: gudu ake yi da lokaci. Wanda ya tura kuɗin shi zai garzaya bankinsa nan take da rasit da lambar cinikin, a nemi bankin da kuɗin suka shiga ya riƙe asusun. Mu kuwa mun ɓata awannin farko muna cacar baki a ƙofar gida, washegari da aka je an riga an kwashe. Tun Disamban 2023 Babban Bankin Najeriya ya ce kowane asusu, har ƙananan nan na waya, sai an haɗa shi da BVN ko NIN, don haka suna dai akwai. Sai dai sunan da ke kan asusu ba lallai ne ya zama na mai muryar ba. Akwai masu ba da aron asusunsu don ɗan abin da za a sammusu. Mai unguwa ya ba mahaifin yaron shawarar su kai ƙorafi ofishin EFCC da ke nan Sakkwato, sun kai, suna jira.

Ni asarata ba a aljihun ɓarawo take ba. Firiza ta yi zamanta a ofishin 'yan sanda har aka sha ruwa da yawa, lokacin da na yi ta jira ya wuce, bayan salla na sayar da ita 205,000. Ga kuɗin mota, ga zirga-zirga da azumi a baki, ga aikin da na riƙa neman izini ina bari. Sannan ga abin da ya fi ci mini rai: wani dattijo a unguwa ya ce tunda a gidana abin ya faru, a raba asarar biyu. Na ƙi. Na ba yaron 20,000 a gaban mahaifinsa da mai unguwa, na ce taimako ne, ba biyan bashi ba, kuma a shaida. Har yau akwai masu ganin na yi tauri. To, su yi ta gani.

Mutane suna ce mini ai wannan dillanci ne ya ɓaci. Ban yarda ba. Je ka Kara ranar kasuwa ka ga dillali: yana tsaye tsakanin mai dabba da mai saye, an san rumfarsa, an san ubangidansa, in ciniki ya faɗa a gabansa ake ƙirga kuɗi ya karɓi la'adarsa, in rigima ta taso gobe a nan za a same shi. Wanda ya shiga tsakaninku ta waya, ya hana ku jin bakin juna, ba dillali ba ne ko da ya haddace ladabin duniya.

Ban daina sayarwa ta intanet ba, don gaskiya ta fi kai kaya kasuwa a yi maka tayin wulaƙanci. Amma yanzu duk wanda ya zo duba kayana, kafin ya zauna nake cewa: kayan nan nawa ne, kuɗinsu kaza, ga sunan da zai fito in ka sa lambar asusuna, wa ya turo ka, nawa ya ce maka? Wasu har suna jin na cika gaggawa, wani ma ya ce Alhaji ko gaisawa ba mu gama ba. Na ce mu gama wannan tukuna, gaisuwa ba ta ƙarewa. Hotuna kuma ba na sa su tsirara. Ina rubuta lambar wayata da kwanan wata a kwali in jingina a jikin kayan, a tsakiya, inda in an yanke hoton an yanke kayan. Bidiyo ba na tura wa kowa. Mai son ya ji ƙarar inji ya kira ni kiran bidiyo in ga fuskarsa ya ga tawa, ko ya zo. Talla ba ta sauka sai kuɗi sun zauna kaya sun fita. Mai cewa in riƙe masa, ya kawo kafin alƙalami da ƙafarsa. Saƙo ko ɗaya ba na gogewa, ko na wanda cinikinmu bai faɗa ba.

Shawarar nan da ake ba masu ciniki ta intanet, ta haɗuwa a bainar jama'a, tana da kyau ga waya ko kwamfuta. Firiza, gado, injin markaɗe, dole gida za a zo. Ina fitar da kayan zaure, in kira maƙwabci ya zauna, a rubuta 'yar takarda da lambar jikin kayan da sunan shaidu, kowa ya sa hannu.

In kai ne mai saye, aikinka ya fi sauƙi, kunya ce kawai za ka ajiye. Ka tambayi wanda ya buɗe maka ƙofa: naka ne, nawa ka sa? In za ka tura kuɗi, sunan da ya fito a wayarka ka karanta shi da ƙarfi a gabansa, ya ce i nawa ne, in da hali ya nuna maka katinsa. In an ce mai kayan na Abuja, ko Kaduna, ko ya tafi Umara, asusun kuma na matarsa ne ko na yaron shagonsa, ka mayar da wayarka aljihu. Sannan ka tambayi kanka me zai sa a karya kaya haka ana gobe azumi. Yaron nan ya san farashin firiza, da mai gyara ya zo. Arahar ce ta sa shi sauri kada wani ya riga shi, labarin yayan nan mai jin haushi kuma ya ɗaure masa baki.

Kwanan baya na ga injin markaɗe a wani zauren saye da sayarwa na intanet, sabo fil a ido, an sa masa kuɗin da ko rabin na kasuwa bai kai ba. Na kira don in ji. Wani ne daban, muryar ba ita ba ce. Ya ce injin na gidan yayarsa a Arkilla, in je in duba, amma don Allah kada in yi mata zancen kuɗi, ba ta so a sayar ba. Na ɗauki hoton tallar na tura wa mai kula da zauren, ya goge ta ya cire mai lambar. Kafin isha'i injin ya sake fitowa a wani zauren, da wani suna, an ma rage masa dubu biyar.