Na'urar da ke tashina idan sukari ya sauka

Tun da likitana a nan Katsina ya ba ni shawarar liƙa na'urar auna sukari a damtsena, na huta da yawan soke yatsa. Tana auna sukarin ruwan da ke ƙarƙashin fata dare da rana, kuma idan ya sauka ƙasa da 70 sai wayata ta yi ƙara. Ga irinmu masu ciwon sukari da ke yin allurar insulin (maganin rage sukarin jini), amfaninta ya fi bayyana da tsakar dare, lokacin da barci kan hana mutum jin karkarwa da zufa. Idan ta tashe ni nakan sha ruwan sukari, in sake dubawa bayan minti 15. Sai dai akwai tsada, domin irin tawa duk kwana 14 ake sauyawa, gumin bazara kuma yakan ɓamɓare ta kafin lokaci.