Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ɗakin Wayoyi

Makon jiya na tsaya inda na samu hayewa shekara ta biyu a sashen koyon likitanci na Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai, bayan jikina ya gaya mini a shekarar farko. Kafin in kai ku ɗakin da na fara koyon bincike, sai mun koma Tawa tukuna, wajen Autarmu.

Tana da shekara shida farfaɗiya ta fara kayar da ita. Ranar da ba na mantawa, kusa da murhu ta faɗi, Inna tana tuƙa tuwo. Har yau tabon wutar na nan a hannunta na hagu, kamar an liƙa mata ganyen kuka. Matan da suka shigo da gudu duk suka ja da baya, wai kada yawunta ya taɓa su. Daga ranar aka ware mata kwano da moɗa. An yi hayaƙi, an sha rubutu, an ce iska ce. Sai bayan shekara uku wani malamin asibiti ya rubuta mata ƙwayar fenobarbital, faɗuwar ta yi sauƙi. Ba wanda ya gaya mana abin da ƙwayar ke yi a kanta, mu ma ba mu tambaya ba.

To, wata safiya malaminmu na fiziyoloji, wato ilimin yadda jiki ke aiki, ya zana ƙwayoyin jijiya biyu a allo, ya bar ƴar rata tsakaninsu. Ya ce ƙwaƙwalwar mutum na ɗauke da irinsu wajen biliyan 86, kuma ba a haɗe suke ba. Camillo Golgi na Italiya, wanda ya gano rinin azurfa da ake ganinsu da shi, ya ɗauka duk saƙa ɗaya ce kamar koma. Santiago Ramón y Cajal na Sifaniya ya yi amfani da rinin nan ya nuna kowace zaman kanta take. Aka raba musu kyautar Nobel a 1906 suna kan saɓaninsu. Mahaɗar kuwa, Charles Sherrington ya raɗa mata suna sinaps a 1897. Faɗin ratar, in ka raba milimita ɗaya gida miliyan, kashi 20 zuwa 40 ne kacal. Saƙo na zuwa da lantarki har bakinta, sai sinadari ya ɗauke shi ya ƙetare, kamar yadda masu kwalekwale ke ƙetare da mutane a kogin Kwara. Wani sinadarin, gulutamat, cewa yake "tashi". Wani, GABA, cewa yake "dakata". In mai cewa dakata ya yi rauni, ko mai cewa tashi ya yi yawa, sai dubban ƙwayoyi su ɗauka lokaci guda. Farfaɗiya ke nan. Fenobarbital kuwa ƙarfi yake ƙara wa GABA.

Alƙalamina ya tsaya. Ba allo nake gani ba, kwanon Auta nake gani a kife bayan ɗaki.

Da aka tashi na bi shi har bakin motarsa, gabana na faɗuwa. Na ce, "Gafarta Farfesa, ɗan shekara ta biyu zai iya koyon binciken wannan abin?" Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya tambayi dalili. Na gaya masa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yarona, Laraba da safe ka zo asibiti, ka tambayi ɗakin awon ƙwaƙwalwa. Ka ce ni na aiko ka."

Ba takardar cikewa, ba sanarwa a allo, ba ko dala. Ina faɗar haka saboda ƙannena da ke zaman jiran a kira su: a wajenmu ƙofar nan da tambaya take buɗewa.

Ɗakin ƙarami ne, gado ɗaya, kwamfuta ɗaya, da wayoyi kamar gashin doki. Wata yaya da ke rubuta kundin kammala karatunta ita ta karɓe ni. Ta koya mini auna kai da tef, daga karan hanci zuwa ƙeya, daga kunne zuwa kunne, a kan tsarin da ake kira 10-20, sannan in shafa man liƙi in manna wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Mata sai an tsefe kitso. Iyaye kuwa tsoro ɗaya gare su, kusan kowace uwa sai ta riƙe hannuna: "Ɗan nan, ba wuta za ku sa masa ba?" In ce, "A'a Inna, saurare kawai muke yi, ba abin da zai shiga jikinsa."

Akwai yaron da aka kawo ɗan aji uku, wai ba ya maida hankali, kullum ana dukansa. Yaya ta ba shi takarda ta ce ya yi ta hurawa har minti uku. Yana cikin hurawa sai ya tsaya cak, ido buɗe, takardar na hannunsa. A kan kwamfuta layukan da ke nuna lantarkin ƙwaƙwalwarsa, da ke tafiya a natse, suka miƙe gaba ɗaya, tsini da tudu, tsini da tudu, sau uku kowace daƙiƙa. Bayan ƴan daƙiƙoƙi ya ci gaba da hurawa, bai san an yi ba. Wannan ma wata irin farfaɗiya ce, mai ɗauke hankali ba tare da faɗuwa ba. Ubansa ya dafe kai, ya ce, "Ashe zaluntarsa muke yi." Ni ma sai da na juya baya na goge ido.

Aikina na gaske shi ne cike takardun tambayoyi na kundin yaya: yaushe ciwon ya fara, ina aka fara zuwa, yaushe aka iso asibiti. Amsar da na fi rubutawa shekaru ce, ba watanni ba. A nan na fara karanta alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya, cewa mutane wajen miliyan 50 ke da farfaɗiya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma har kashi 70 za su iya daina faɗuwa in sun samu maganin da ya dace.

Ranar Juma'a na kira gida na ce, "Inna, a maida kwanon Auta cikin na kowa, yawu ba ya ɗaukar ciwon nan." Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Kai ka gani da idonka?" Na ce na gani.

Wata huɗu ina ɗakin, yaya ta nuna mini sanarwar IBRO, ƙungiyar binciken ƙwaƙwalwa ta duniya, mai shirya wa ɗaliban Afirka gajerun kwasa-kwasai. Ana son wasiƙa da Ingilishi, ni kuwa Ingilishina na lise ne, wato na sakandare. Yadda na yi da wasiƙar nan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.