Yadda muka sha fama kafin akwatinmu ya kama waifai

Shagona yana Jekadafari a cikin garin Gombe, ɗaki ɗaya ne da 'yar baranda, kuma mu huɗu ne a ciki: ni, ƙanena mai riƙe lissafi, da yara biyu da ke koyon aiki. Da gyaran inbata da haɗa sola muka fara. Masu kiwon kaji na wajen Tumfure da hanyar Dadin Kowa su ne suka ja mu zuwa aikin da muke yi yanzu, domin kukansu ɗaya ne kullum. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi a injin ƙyanƙyasa, zafin kuma dole ya tsaya a wajen digiri 37.5. In wuta ta ɗauke cikin dare, batir ya yi ƙasa, mai gadi yana barci, to kafin asuba asara ta riga ta shiga gida. Sai muka ƙera wani ɗan akwati: allon Raspberry Pi 3B+ a ciki, da sensa mai auna zafi da laima, yana hawa waifai na gidan gonar ya aika wa mai kaji saƙo a wayarsa da zarar abu ya fara karkacewa.

Da farko tsarin aikin da kamfanin allon ke bayarwa muka ɗora, kuma gaskiya waifai ɗinsa ba ya ba da wahala, kunnawa kawai ake yi. Sai dai an yi shi ne domin mai zama a tebur, yana ɗauke da kaya masu yawa da ba ma bukata, kuma yana yawan rubutu a katin memori. A wurin da wuta ke ɗaukewa babu sallama, rubutun da aka katse a tsakiya shi ke lalata kati. Akwati uku aka dawo mana da su a mace cikin damina ɗaya. Daga nan na yanke shawarar mu gina namu tsarin da Yocto.

Ga wanda bai saba ba, Yocto shiri ne da Linux Foundation ta kafa a 2010 domin masu ƙera ƙananan na'urori su haɗa Linux daidai da bukatarsu. Masu shi da harshen madafa suke magana: kowace manhaja tana da takardar girkinta, akwai kuma BitBake da ke bin takardun nan ɗaya bayan ɗaya har ya fitar da dunƙulallen fayil guda, wanda a shago muke kira imej, shi ake zubawa a kati. Mun ɗauki fitowar Kirkstone ta 2022 saboda tana cikin waɗanda ake daɗewa ana kula da su. Ginin farko ya ci dare guda cur da data mai yawan gaske, shi ya sa har yau kayan da BitBake ya sauke suna ajiye a wani hadis na daban, wato faifan ajiyar bayanai na kwamfuta, a cikin durowar da ni kaɗai ke da makullinta. A 2024, lokacin da aka lalata turakun babban layin wuta na Jos zuwa Gombe muka yi makonni a duhu, da solar shago da wannan hadis ɗin muka ci gaba da gini.

Ranar da imej ɗin farko ya tashi, cikin 'yan daƙiƙoƙi ya gama buɗewa. Muna kallonsa a kwamfuta ta igiyar siriyal da muka maƙala a fil na 6, na 8 da na 10, a gudun 115200. Murna ta cika shago. Na rubuta ip link domin in ga hanyoyin sadarwa, sai ga lo, ga eth0, shi ke nan. Babu wlan0, wato hanyar waifai, ko alamarsa.

A nan na fara gane cewa abin da muke kira waifai a baki ɗaya sarƙa ce mai ƙulli da yawa, kuma a tsarin da ka saya a shirye wani ne ya riga ya ƙulla maka su ba ka sani ba. Imej ɗin da muka gina, core-image-minimal, an yi shi ne ya tashi kawai. Ba ya ɗauko ƙarin kayan da allo ke so, don haka direba, wato manhajar da ke sarrafa ayisin waifai (ɗan guntun lantarkin da ke kan allon), mai suna brcmfmac, bai shigo ba. Na ƙara shi a jerin kayan da za a saka a imej, wato IMAGE_INSTALL:append, na sake gini, sai BitBake ya tsaya da ƙorafin wani suna da bai sani ba. Na yi yini guda ina dubawa kafin in ga dalili: ban bar fili ɗaya ba bayan alamar buɗe magana, sai sunan da na rubuta ya manne da na gabansa suka zama kalma ɗaya. Tun daga ranar, duk yaron da ya shigo shagon nan, wannan filin shi ne darasinsa na farko.

Direba ya shiga, amma wlan0 bai fito ba. Sai na koma ga dmesg, wato littafin da kanel, zuciyar Linux, ke rubuta duk abin da ya same shi tun daga kunnawa. Kukan kurciya jawabi ne, kuma na kanel ma haka yake. A can tsakiya akwai layi ɗaya da ke cewa an nemi brcmfmac43455-sdio.bin an kasa, da lambar kuskure -2. A Linux, 2 na nufin ba a sami fayil ba.

Wannan shi ne wurin da ya fi ɗaure wa mutane kai, bari in tsaya a kansa. Ayisin waifai na wannan allo ƙaramar kwamfuta ce mai zaman kanta, amma ba ta riƙe manhajarta idan an kashe wuta. Duk lokacin da aka kunna, sai direba ya ɗauko wannan manhaja, wadda ake kira famwe, daga /lib/firmware/brcm ya ɗura mata. Masu gyaran waya da ke yin filashin za su gane abin nan take, bambancin kawai shi ne wannan filashin ɗin ana sake shi ne a kowace kunnawa. Fayilolin uku ne: shi famwe ɗin, da wani ɗan fayil na rubutu mai bayanin yadda aka haɗa eriya da ayisin a wannan allon takamaimai, da na uku mai ɗauke da iyakokin tashoshi da ƙarfin watsawa na ƙasashe. Da na nemi Yocto ya saka su, sai ya ƙi, domin famwe ɗin ba buɗaɗɗiyar manhaja ba ce, tana da lasisi mai sharaɗi, kuma dole ka rubuta synaptics-killswitch a cikin LICENSE_FLAGS_ACCEPTED da hannunka, alamar ka amince. Da farko na ji haushin wannan tsaiko. Daga baya na ga daidai ne, tunda kaya zan sayar wa mutane da wannan manhajar a ciki, ya kamata in san abin da na ɗauka.

Akwai wani tarko a nan kusa da na faɗa ciki sau ɗaya. Na ce bari in narkar da direban a cikin kanel ɗin kansa don ya tashi da wuri. Ai kuwa ya tashi da wuri, har ya riga katin memori buɗewa, ya nemi famwe bai samu ba, ya haƙura. Sai da na mayar da shi ɗan guntun da ake lodawa daga baya.

Bayan wlan0 ya bayyana, sauran bai yi wuya ba. Aka saka wpa_supplicant mai yin musafahar sirri da rawuta, aka rubuta masa sunan waifai da kalmar sirri, wadda dole ta kasance tsakanin harafi 8 zuwa 63. Aka ƙara auto wlan0 a fayil ɗin hanyoyin sadarwa don ya tashi da kansa, udhcpc kuma ya karɓo adireshi.

Babban darasin shagon nan kuwa a wani sati ya zo. Muna da odar akwati 12. Babban yarona, mai hazaƙa ƙwarai, ya ga wani gyara da ake bukata, sai ya shiga allon gwaji kai tsaye ya gyara fayil da hannu, abu ya yi aiki. Ya ce, "Oga, an gama." Na ce madalla, muka zuba imej a katuna 12, muka ɗaure akwatuna. Da muka kunna, ko ɗaya bai kama ba, domin gyaran yana zaune a kati guda ne kawai, takardar girki ba ta san da shi ba. Ban yi masa faɗa ba, laifina ne da ban tambaya ba. Muka kwance sukurori 48 muka fara daga farko. Yanzu doka ce a wurinmu: allon gwaji wurin bincike ne, amma ba a cewa an gama sai gyaran ya shiga namu sashen na Yocto, an sake gini, an zuba a sabon kati, an kunna ba tare da kowa ya taɓa komai ba.

Duk wannan a shago ne. Gidan gonar wata Hajiya a bayan Tumfure shi ya nuna mana sauran.

A watan Afrilu ne, zafi ya kai inda kwanon rufi ke ƙara shi kaɗai. Na kife bokiti na zauna a ƙofar ɗakin ƙyanƙyasa, kwamfuta a cinya, igiyar siriyal ta ratsa ta taga, warin buntun shinkafar da aka shimfiɗa wa kaji yana tasowa. Akwatin da ya yi kwana uku yana aiki lafiya a tebur ɗina ya ƙi ganin MiFi ɗin gidan, alhali wayata da ke aljihu tana ganinsa sarai. Hajiya ta tsaya a kaina da mayafi ta ce, "Injiniya, ni dai ƙwai 500 na zuba jiya, kada ka bar ni a hanya." Na ce, "Hajiya, in sha Allahu ba zan tashi ba sai ya yi magana."

Na duba ta waya, sai na ga MiFi ɗin ya zaɓi tasha ta 13 da kansa, rawutar shagonmu kuwa kullum tana kan ta 6. A zangon gigahaz 2.4, Amurka ta tsaya a tasha ta 11, Najeriya da yawancin ƙasashe kuwa har ta 13 suke amfani da ita. Na'urar da ba a gaya mata ƙasar da take ba takan yi taka-tsantsan da 12 da 13. Maganin layi ɗaya ne, country=NG, tare da saka kundin dokokin ƙasashe na wireless-regdb a imej. Na gwada a wurin, ya kama. Amma saƙo bai fita ba.

Na rubuta date, sai akwatin ya ce yau 9 ga Maris, 2018. Allon nan ba shi da agogo mai batir, kuma wannan ita ce ranar da Yocto ke dasa wa tsarin in ba a ba shi wata ba. Sabar da muke aika wa bayanai, wato kwamfutar da ke karɓarsu a intanet, tana nuna takardar shaidar tsaro mai ranar farawa da ranar ƙarewa, shi kuma akwatin a lissafinsa ranar farawar ba ta zo ba tukuna, sai ya ƙi yarda da ita. A shago ba mu taɓa ganin haka ba saboda kwamfutarmu ce sabar gwaji, ba ta nuna wata takarda. A ranar na saita lokaci da hannu don ƙwan Hajiya, na dawo shago bayan la'asar na saka manhajar karɓar lokaci daga intanet a girki. Daga baya muka ƙara ɗan agogo DS3231 mai batir irin na agogon hannu a kowane akwati, domin akwai gonakin da netwok ke ɓacewa yini guda.

Sauran abubuwan da gona ta koya mana ƙanana ne amma masu cizo. Akwatin ƙarfe da muka sa maƙeri ya yi mana, mai kyau da fenti, yana shanye siginal, dole muka koma roba. Yanayin tsimin wuta na ayisin yana sa shi gyangyaɗi har saƙo ya makara, muka kashe shi a girki. Caja mai arha kuwa, da zarar ta sauko ƙasa da wajen bolt 4.63, kanel zai fara ƙorafi a dmesg, waifai ya riƙa yankewa. Yanzu ba ma ba da akwati sai da tamu cajar mai amfiya 2.5.

Abu na ƙarshe da ya ɗauke mu lokaci shi ne kalmar sirri. Don kare kati daga ɗaukewar wuta mun kulle babban ɓangaren tsarin, karantawa kawai ake yi ba a rubutu. To ga ɗan Hajiya ya dawo hutu daga makaranta ya canza kalmar sirrin MiFi saboda maƙwabta na shan data, akwati ya yi shiru, kuma babu inda za a rubuta sabuwar. Ba zai yiwu in hau mashin zuwa kowace gona kan wannan ba. Muka ware wani ɗan ɓangare a katin da ake iya rubutu a kai, can saitin waifai yake zaune. In akwatin ya yi mintuna bai ga waifai da ya sani ba, sai ya tayar da nasa waifai ta manhajar hostapd, mai gida ya shiga da wayarsa, ya ga shafi ɗaya da Hausa mai gurbi biyu: sunan waifai, kalmar sirri. Hajiya da kanta ta yi a karo na biyu, ina gaya mata ta waya.

Yanzu muna ƙaura zuwa Scarthgap, fitowar 2024. Babban yaron nan shi na ba ginin gaba ɗaya. Ya manna takarda a bango kusa da tebur ɗinsa, kuma kafin akwati ya fita sai ya mayar da rawutar shago tasha ta 13, ya zare wuta sau 10 a jere, ya canza kalmar sirri, sannan ya kai shi bayan gida can ƙarshen inda siginal ke kaiwa ya bar shi ya kwana. Jiya da safe na tarar ya riga ni zuwa, yana tsugune da waya a hannu yana ƙirga saƙonnin da suka shigo cikin dare.